An soke darasin Isufu

Shekara tara ke nan da muka kai Isufu makwancinsa. Abokina ne tun muna samari a gidan rediyo, shi ɗan Tawa, ni ɗan Maraɗi, kullum cikin tsokanar juna. Daga baya ya bar makirfo ya koma koyar da aikin jarida a wata lakwal, wato makaranta, mai zaman kanta a Lamorde, nan Yamai. Bana da ƙyar na ɗauki alƙalami, don labarin da nake da shi ba mai daɗi ba ne.

Isufu yana da wata al'ada da ta sa wasu malamai ke ce masa taɓaɓɓe. Duk ɗalibin da ya rubuta labari, sai ya tasa shi gaba su ƙetare gada zuwa kasuwar Puti Marshe. Can tsakanin masu tumatir da mahauta, ɗalibi zai faɗi labarinsa da Hausa ko Zabarmanci, ba takarda a hannu. Sai Isufu ya roƙi wata mai cefane ta maimaita abin da ta ji. In ta iya, an ci. In ta yi shiru, a koma a sake. Cewa yake waɗannan ne masu kunna rediyo, ba ministoci ba.

Sauran darussan kuwa, Allah na tuba, duk aro ne, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Tsarin daga Faransa aka kwaso shi tun muna yara. Littattafan sun girmi ɗaliban, sitidiyo ɗaya ne, shi ma rabin shekara a kulle. Ɗalibi zai haddace tarihin jaridun Turai, ya fito da difloma bai taɓa yi wa mai jego tambaya a asibiti ba.

Yana kwance a ciwon ajali ya ce in riƙe masa darasin. Na ce to. Tun daga nan ake yankar sa kaɗan-kaɗan. Aka fara hana zuwa kasuwa, wai iyaye na ƙorafi ba su kawo ƴaƴansu don yawo cikin kwandunan albasa ba. Sannan aka ce wanda ya ga dama ya shiga. Bana darakta ya kira ni, yana ta Baba, Baba, ya ce an maye gurbin darasin da koyon rubuta sanarwar kamfanoni da ƙungiyoyi, don can aiki yake. Wallahi na yi faɗa har muryata ta dushe. Ya bari na gama, ya ce in tambayi ɗaliban da kaina.

Na tambaye su. Ramatu, wadda ta fi kowa ƙwazo a ajin, ita ta amsa.

"Baba, ni ina son darasin. Amma sashen Hausa a rediyo, ai duk mai baki ake ɗauka, ko bai shiga lakwal ba. In na ƙware a nan, wa zai ɗauke ni aiki?"

Gaskiya ta faɗa.

Nakan tambayi kaina me Isufu zai ce da ya ga yau. Ƙarya na yawo a waya da saƙon murya, cikin Hausa da Zabarmanci tsantsa, tana shiga kowane gida daga unguwar Zongo har ƙauye. Waɗanda muka horar kuwa suna karanta sanarwar ofis da Faransanci mai kyau, su da kansu kawai ke jin juna. Ina jin ba zai yi faɗa irin nawa ba. Zai dai yi shiru, abin da ya fi ciwo.

To me ya saura nasa? Tsoffin ɗalibai ƙalilan da har yanzu sukan tambayi kansu ko an gane kafin su rufe makirfo. Yawancinsu sun bar aikin. Ni kuma tsufa ya kama ni, ba ni da wanda zan ce wa ya riƙe mini.

Allah ya jiƙanka, Isufu. Darasinka ya biyo ka, kuma a hannuna ya cika.