Faifan da Yaya Ta Aiko daga Jidda

Faifan ya iso hannuna ne bayan dawowar alhazai, 'yan shekaru da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu. Wata hajiya 'yar Zurmi ce ta kawo shi a naɗe cikin ɗankwali, tare da dabino da kwalbar turare, ta ce saƙon yayata ne daga Jidda. Yaya ta bi mijinta can tun ina sakandare, ba ta sake taka ƙasar nan ba, domin zaman nasu ba na takarda ba ne, wanda ya fito ba ya komawa. 'Ya'ya huɗu ta haifa a can, Inna ba ta taɓa ganin ko ɗaya ba. A jikin gidan faifan ta manna 'yar takarda da rubutun ajami: na Inna ne, a cikin ɗaki aka ɗauka, babu lulluɓi, kada namijin waje ya gani.

A lokacin idon Inna na hagu ya riga ya tafi. Likitan ido a Sakkwato ya ce hawan jinin ido ne, ba irin yanar nan da ake cirewa ba. Na daman ma yana hanya, maganin ɗigawa jinkiri kawai zai kawo. Ni na kai ta, a gabana ya faɗa, har ya maimaita da Turanci don kada a ce malamin makaranta bai gane ba.

Na ɗauka aikin yini guda ne. Na ari na'urar bisidi a maƙwabta, na sa faifan, ta juya shi ta juya shi, ta ce babu komai a cikinta. Ranar Alhamis na tafi kasuwar Shinkafi wajen wani mai faya-fayai, irin waɗanda tun da aka rufe gidajen kallo suke jera na wa'azi a sama, sauran kuma sai ka san bakin zaren. Ya ɗaga faifan ya duba cikinsa a rana.

"Wanga dibidi na, malam. Bisidi ba ta cin shi. Kawo in sa maka ga tawa, in ma kana so in juye maka shi."

Na dubi samarin da suka yi wa rumfar zobe, na tuna takardar Yaya, na karɓe abina. A duk Kaura Namoda, inda nake koyarwa, mutum ɗaya aka ce yana da irin na'urar a gida, wani alhaji da ba a rasa shi a sahun gaba wajen wa'azi. Da na je masa da maganar sai ya yi salati, ya ce ya daɗe da raba gidansa da kayan shagala. Daga zauren da muke zaune ina jiyo kiɗan Indiya a can ciki, an rage shi ƙasa ƙasa.

Saura kwamfutata. Ta hannu ce, irin ta kan tebur mai allo daban, na saya a Kano, kuma Allah Ya sa tana da gurbin dibidi. Matsalar ni na jawo ta da hannuna tun kafin zuwan faifan. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a makarantarmu ya bar mini faya-fayan Linuks guda uku, ya ce manhaja ce ta kyauta, halak malak, kowa na iya kwafa ya gyara. Na goge wadda ta zo da kwamfutar, tunda kwafin sata ce kamar ta kowa, na ɗora wannan. Daga nan ɗakin malamai bai sake hutawa da ni ba. Nakan ce a jihar da ake hukunta ɓarawon saniya, abin kunya ne malami ya buga jarrabawa da kayan sata. Har laƙabi suka sa mini, limamin kwamfuta, ni kuwa ina jin daɗinsa.

Na sa faifan. Hotonsa ya fito a allo, na danna, wata baƙar taga ta buɗe, ta rubuto cewa ba ta da abin da zai fassara irin wannan bidiyo. Malamin lissafinmu, wanda na fi caccaka, ya ji labari ya same ni a gindin darbejiya.

"Kawo ta gidana bayan la'asar in mayar maka da irin tamu. Kahin magariba Inna na da abin kallo."

"Kwafin sata ne," na ce.

"To ka tuba bayan ta gani."

Sauran malamai suka yi dariya, dariyar nan ce ta gama da ni. Na ce mako biyu ya ishe ni.

Babu intanet a Kaura sai an je Gusau. Kowace Asabar nakan hau mota da filofi, ƙananan faya-fayan kwafar fayil, cike da aljihu, in zauna a kafen intanet ina jiran fayil ya sauko kamar ana tatsar busasshiyar saniya. In koma gida in sa, sai ya ce ba zai zauna ba sai da wani fayil. Asabar ta gaba in kawo wannan, shi ma ya ce yana da ƙanne biyu da ba ya tafiya babu su. Wani ya fi ƙarfin filofi ɗaya, sai an yanka shi gida uku, in na dawo in tarar na tsakiya ya lalace a hanya. Wani kuma ɗanye yake zuwa, sai kwamfutar ta haɗa shi da kanta. Rubutu ya yi ta gudu a allo fiye da sa'a guda, ina zaune ina kallo kamar na san abin da yake cewa, sai ya tsaya cak a kan kuskure, ko kuma a ɗauke wuta a fara daga farko. Na cika littafin rubutu guda da sunayen fayiloli da saƙonnin kuskure. Yana nan har yau, ban san dalilin da ya hana ni ƙona shi ba.

Ranar Lahadi nake zuwa Zurmi gaida Inna. Da farko tun ina cire takalmi take tambaya, "Abin ga ya tashi?" In ce saura kaɗan. Ta matso da tabarmarta bakin ƙofa inda haske ya fi yawa. Ta daina tsintar shinkafa, ta bar wa matar ƙanena. Bayan wata biyu ta daina tambayar faifan, ni kuma na ji sauƙi da ta daina, abin da ya fi komai ba ni kunya ke nan idan na tuna.

Hoton ya fito ne da damina, gero ya kai gwiwa. Wata Talata ce bayan an tashi makaranta. Na danna ba tare da sa rai ba, sai ga Yaya cike da allo. Ta yi jiki, furfura ta fito mata a goshi, wushiryar nan tata tana nan. Bakinta yana motsi, tana dariya, tana jawo yara ɗaya bayan ɗaya, amma babu sauti ko na sauro. Na kira matata, muka kalla tare har ƙarshe, ina share hawaye da hular kaina.

"Gobe ka kai mata," in ji matata.

"Hoto ba murya? Sai ka ce aljanna ba ruwa. Kwana biyu ne in gyara."

"Muryat tana iya jira. Idon na ba ya jira."

Na ce ba ta san aikin ba. Gaskiyar magana ita ce ina so in shiga gidanmu da abu cikakke, in kuma shiga ɗakin malamai ranar Litinin in faɗa musu ba tare da wani "amma" ba. Na kawo hujjar ruwan sama, da nauyin allon, da rashin wuta a Zurmi. Duk gaskiya ne, kuma babu wanda ya isa ya hana ni tafiya a cikinsu.

Kwana biyun nan suka zama wata biyu. Na sauko da fayilolin sauti, na canza lasifika, na buɗe cikin kwamfutar na zare katin sautin na mayar. Lahadin ma na fara haɗa ta da Asabar a Gusau, mako biyar ban leƙa Zurmi ba, ina aika gaisuwa da maganin ɗigawa ta hannun direba. A ƙarshe na sauke girman kai na rubuta tambaya a wani dandalin masu amfani da manhajar, da Turancina na ranar Juma'a. Da na koma na tarar wani da ban san ko daga wace ƙasa yake ba ya ba ni amsa a layi ɗaya. Ya ce sautin a kulle yake zuwa, in buɗe wurin daidaita murya in danna harafi guda. Na dawo gida na danna, muryar Yaya ta cika ɗakin. Babu abin da ya lalace tun farko.

An fara yankan gero ranar da na tafi. Na naɗe kwamfutar a bargo, na rungume allon a cinyata, na ari ƙaramin janareto a wajen wani tela. Bayan azahar na yi sallama. Inna ta amsa da sunan da take kirana, ta juyo, amma fuskarta ta tsaya ɗan gefe da inda nake, wajen randa. Matar ƙanena ta biyo ni waje ina haɗa waya, ta ce mini a hankali yau kwana goma sha ke nan, ko fitila Inna ba ta rarrabewa sosai, kuma ita da kanta ta hana a gaya mini don kada a tayar mini da hankali ina aiki.

Na kunna duk da haka, don ban san abin da zan yi ba in ban kunna ba. Na zaunar da ita dab da allon. Da Yaya ta yi sallama Inna ta daidaita zama, ta gyara ɗaurinta kamar baƙuwa ta shigo.

"Inna, ga ni. Ki dube ni da kyau, kin ga yadda nik koma?"

"Na gani," in ji Inna.

"Ga babban. Matso, kai. Kin ga hancinai? Na Baba na sak."

"Na gani."

Sai a ranar na lura Yaya ba ta faɗi wani abin kirki da baki ba. Faifan nuni ne daga farko har ƙarshe. Kin ga mai sunanki, kin ga tsawonta, kin ga zanen da kinka ba ni, har yau yana nan. Wani wurin ma shiru ne dogo, ana zagaya ɗakin da kyamara, ba a jin komai sai ƙarar janareto a tsakar gida. Inna ba ta tambaye ni ko sau ɗaya abin da ake nunawa ba. Duk tambayar da 'yarta ta yi sai ta amsa mata, da murya ɗaya, fuskarta a saitin lasifika.

Faifan ya zo ƙarshe. Sannan ta lalubo hannuna.

"Ta yi hurhura?"

"Kaɗan, a goshi."

"Kai dai ka gan ta da kyau?"

"Na gan ta, Inna."

"Yaushe abin yat tashi?"

"Jiya," na ce.

Ta jinjina kai, ta matse mini yatsu.

"Ka sha wahala, ɗan nan. Allah shi yi maka albarka. Tahi ka kashe injin ga, kada man mutane shi ƙare."