Kaset ɗin ƙarshe da Yaya ya aiko daga Ikko

A gidanmu na Safana ba a rubuta wasiƙa. Da yayana ya tafi Ikko sayar da tsire, da kaset muke jin labarinsa. Yakan ɗauki muryarsa ya ba direban motar shanu, bayan sati biyu ko uku kaset ya iso mana ƙunshe a leda. Ni ne mai kunna rikoda, don ni kaɗai na san inda ake dannawa, kuma ina ji da wannan muƙami ba kaɗan ba.

Yaya yana da tsarinsa. Gefe ɗaya gaisuwa ce, yakan fara daga Baba, sai kawunanmu na Babban Duhu, sai liman, har mai shayin bakin tasha ba ya tsallakewa. Ɗaya gefen kuwa nawa ne. Nan yake cika mini da waƙoƙin rap na baƙaƙen Amurka da yake ɗauka daga rediyon can. Ko kalma goma ba na tsinta a ciki, amma gangar tana dukan ƙirji, mutum yana zuba magana kamar an biyo shi. Mukan shimfiɗa kwali a bayan makaranta mu yi ta juyi da ka, har wandon makarantata ya yage sau biyu. Inna kiɗan mahaukata take ce masa.

Yaya ɗan farinta ne, saboda haka ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma zama cikin masu sauraro. Idan an taru a zaure, sai ta ɗauko faifai ta zauna can kusa da ƙofa tana tsintar gero. Wata rana gwaggonmu ta ce ta matso, sai ta ce, "Mi zan ji? Surutun yaro?" Geron nan dai ba ya ƙarewa sai kaset ya ƙare.

Ranar wata kasuwar Batsari na je wurin abokina, ɗan ajinmu, wanda kawunsa ke da rumfar kaset da rikoda mai baki biyu. Ya ja ni gefe ya ce an kawo sabon rap daga Kano, aro ne, da la'asar za a mayar. In ina so, in kawo kaset a juye mini yanzu. Ba ni da sabon kaset. Abin da ke aljihuna shi ne wanda Yaya ya aiko a watan. Yaya ya ɓalle ɗan kunnen da ke samansa don kada a ɗora wani abu a kai, amma wane yaro ne bai san maganin wannan ba? Na tauna takarda na cusa a ramin. Gefen waƙoƙi ba zan taɓa shi ba, don haka na juya gefen gaisuwa. Na ce a raina ai kowa ya ji, wani kuma yana tafe. Da hannuna na danna jan maɓallin, kuma ba zan yi ƙarya ba, murna nake yi. Har gida ina rawa a bayan akori-kura.

Wani kaset bai zo ba. Bayan girbi direban ya shigo zaure hannu rabbana, ya durƙusa gaban Baba. Zazzaɓi ne ya kama Yaya, kwana huɗu, kuma an riga an binne shi can.

Bayan sadakar arba'in, da gida ya watse, Inna ta kira ni da hantsi. Ta ce, "Ɗauko abin nan naka. Ina so in ji ɗan'uwanka." Tunda nake ban taɓa jin ta nemi haka da bakinta ba. Na ce batir ya mutu. Ta aika aka kawo batir. Na ce rikodar tana tauna zare, sai an kai gyara. Sati guda ina jera ƙarya, kullum ta ce to. Ranar Juma'a ta ajiye rikodar a kan tabarma da kanta, ta ce, "Yau ko mi ke ciki, sa mani."

Na sa. Ganga ta tashi. Ta ce, "Ka sa bai-bai, juya." Na juya, nan ma ganga ce. Ta dube ni ta ce, "To shi yana ina?"

Na faɗa mata duka, har takardar da na tauna. Ba ta dake ni ba, kuma har yau ina jin da ma ta daka. Ta dai ce in mayar da gefen da muryarsa take a da, in bar shi ya yi. Muka zauna ni da ita, Ba'amurke yana ta ihu a tsakar gida, kaji suna kiwo, ina kuka ba sauti. Waƙa ta ƙarshe ta ƙare, zare ya yi shuuu, sai ga muryar Yaya. Ashe kaset ɗin aron bai kai namu tsawo ba, ya bar ɗan wutsiya.

"...sai kuma mutanen cikin gida. A ce masu ina lahiya, ina cin abinci, na yi ƙiba ma." Ya yi 'yar dariya, sai maɓalli ya yi ƙas.

Inna ta ce, "Sake." Na kai hannu zan tariyo baya kaɗan, ta riƙe mini wuyan hannu. "Kada ka ƙara taɓa mani shi."

Daga ranar kaset ya koma cikin kwallarta. Maɓalli ɗaya ta koya, na kunnawa, sauran tsoronsu take ji. Takan zura biro ta naɗe zaren da hannunta har farko, don nan ne kaɗai wurin da take ganewa ba kuskure. Na roƙe ta in nuna mata yadda za ta tsaya kusa da ƙarshe, ta ƙi. Saboda haka duk Juma'a sai ta zauna ta saurari gefen nan gaba ɗaya kafin ta kai ga abin da take jira. Maƙwabta sun yi ta gulma, wai tsohuwa ta koma jin kiɗan 'yan iska. Ba ta taɓa yi wa kowa bayani ba, ni ma ba ta sake tayar mini da maganar ba.

Yanzu waƙoƙin nan duk suna cikin waya, ɗana ma yakan kunna su yana ce musu na tsofaffi. Ni fita nake yi daga ɗakin. Ina kewar kwalin bayan makaranta, ina kewar yaron da nake, amma ina jin haushinsa, kuma ban yafe masa ba.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta ya faɗo ranar Juma'a. Idonta ya yi rauni, rikodar tana jan murya saboda tsufa. Na zauna gefenta ina ba ta labarin yara, tana amsawa sama-sama. Wata waƙa ta fara, ni ban ma gane wace ce ba, sai ta ɗaga mini hannu.

"Yi shiru," in ji ta. "In mai kaushin muryar nan ya gama, shi ne."