Tauraron da ke ƙin Talata da Asabar

Shekara talatin da ɗaya Sufeto ya yi yana duba sikelin mutane. Aikinsa ke nan a ofishin awo: ya shiga kanti da akwatin duwatsun awonsa, ya ɗora, ya kalli allura, ya faɗi gaskiyar da ba a tambaye shi ba. Da ya yi ritaya, 'yan unguwa sun zaci zai kama kiwon kaji kamar sauran abokan aikinsa. Sai ga shi ya kafa turken ƙarfe a saman benen da suke haya, ya ɗora masa faifan satalayit, wanda kowa ke kira dishi, ya haɗa masa ɗan inji mai juya shi.

Dishin kowa a unguwar wuri ɗaya yake kallo har ya yi tsatsa. Na Sufeto kuwa, da ya danna rimot a falo, sai ya kama tafiya a hankali yana gurnani, daga gabas zuwa yamma, yana tsayawa gaban taurarin ɗan adam ɗaya bayan ɗaya. Tashoshin kyauta kaɗai yake nema. Ya samo ta masu kamun kifi, da ta wani mutum mai koyar da lissafi a allo cikin yaren da ba wanda ya sani, da wata da ba ta nuna komai sai tutar ƙasarta tana kaɗawa. Ban taɓa jin ya kalli shiri ɗaya har ƙarshe ba. Da hoto ya fito tas, zai gyaɗa kai, ya danna, dishi ya ci gaba.

Sirrin abin, a cewarsa, yana ga turke. In turken ya karkace ko da kaurin farce ne, taurarin tsakiya za su zo, amma na can bakin gabas da bakin yamma sai dai labari. Kwana uku ya yi yana daidaita nasa da ma'aunin magina, mai ɗigon iska a cikin ruwa.

Uwargidansa ta haƙura da wannan yawo har lokacin da aka kai autarsu wata ƙasa mai sanyi inda mijinta ke aiki. Kullum aka yi waya, Auta sai ta ce lafiya lau, ba wani sanyi, yaro ma ƙalau. Uwar ba ta yarda ba, don ita ta haife ta. Rannan Sufeto, cikin yawonsa, ya faɗa kan tauraro na ƙarshe a gabas, ya tarar da tashar wannan ƙasa, inda ƙarfe biyu na rana wani mutum ke tsayawa gaban taswira yana nuna gajimare. Uwargida ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta gane ɗigon garin Auta, ta kuma gane hoton ruwan sama. Tun daga ranar nan, ƙarfe biyu ta zama tata.

Sai tauraron ya fara zaɓen ranaku. Litinin ya zo, Talata allo ya yi baƙi. Laraba, Alhamis, Juma'a lafiya, Asabar babu. Sauran taurari ba su fasa zuwa ba.

Sufeto ya zargi wayar dishi, ya canja. Ya zargi dikoda, akwatin da ke kama tashoshi, ya aro ta maƙwabci. Ya zargi tantabaru. Gwiwarsa ba ta son matakala da zafin rana, saboda haka sai bayan la'asar yake hawa sama, ya ɗora ma'auni jikin turke, ɗigon iska ya zauna daram a tsakiya. Ya sauko ya danna, ga tashar nan ta dawo kamar ba ita ba. Abin bai ɓata masa rai ba, daɗi ma ya yi masa. Ya ce bai taɓa jin tauraro mai hutun mako ba, kuma yana so ya san wanda ya ba shi.

Uwargida ba ta ga abin sha'awa ba. A ganinta yawan juye-juye ne ya gajiyar da abin, don ko mutum aka riƙa murɗa wa wuya haka zai daina gani daidai. Tana da ƙane mai walda, wanda tun ranar ɗaurin aure bai taɓa barin Sufeto ya sha ruwa da daɗi ba. Ta yanke hukunci: mako biyu. In ba a gano ciwon ba, ƙanenta zai zo ya liƙe dishin yana kallon gabas, a cire injin a huta.

"Malam, ni jikana nake so in san ko yana jin sanyi," in ji ta. "Masu kamun kifin nan ba dangina ba ne."

Sufeto bai yi gardama ba. Dishin da ba ya juyawa, a wurinsa, murfin tukunya ne.

Mako biyu suka cika ranar Asabar. Mai walda ya iso wajen ɗaya da rabi da injinsa da baƙin gilashi a goshi, yana tambaya ko Yallaɓai ya gama ban kwana da taurarin yamma. Dole Sufeto ya bi shi sama da tsakar rana, mataki ɗaya, hutu ɗaya, karo na farko cikin watanni.

A saman suka tarar da igiyar shanya. Bakinta ɗaya na ɗaure a ƙarfen tankin ruwa, ɗayan a wuyan turken dishi, ta yi ciki da jiƙaƙƙun barguna biyu da zannuwan gado. Ashe tun da mai gidan haya ya cire tsohon bututun da take ɗaurawa, uwargida ta ga ƙarfe tsayayye ba ya aikin komai, ta ba shi aiki. Talata da Asabar take wanki. Kafin la'asar ta kwashe kaya, ta kwance igiyarta don kada matan ƙasan bene su ara.

Mai walda ya yi dariya har ya zauna a kan injinsa. Ya ce shekara talatin ana kama masu danne sikeli da yatsa, ga shi an danne na gida da bargo.

Sufeto bai ji shi ba. Ya riga ya ɗora ma'auni, ɗigon iska ya gudu gefe. Ya kira uwargida a waya ya ce ta zauna gaban talabijin ta faɗa masa abin da ta gani. Ya sauke zanin gado ɗaya. Baƙi. Ya sauke na biyu. Baƙi. Ya sauke bargo.

"Ga shi yana yayyagewa," in ji ta. "Ga rabin mutumin."

Ya sauke bargo na biyu, mutumin ya cika, da taswirarsa. Maimakon ya tsaya nan, sai ya mai da bargo ɗaya ya ga abin da zai faru, ya sauke, ya gwada da zani biyu, har ta ce in ya sake taɓa mata wanki kafin a nuna garin Auta, shi za a yi wa waldar.

Da suka sauko, ba ta nemi afuwa ba. Ta ce ƙarfen da bargo ke lanƙwasawa, mai shi ya kamata ya ji kunya. Mai walda ya goyi bayan yayarsa, sannan, tun da ya riga ya hau da inji, ya kafa mata nata turken a ɗaya kusurwar, ya ƙara wa na dishi ƙafa biyu. Injin juyawa ya tsira.

Yanzu ƙarfe biyu saura minti biyar za ka ji gurnani daga sama, dishi na komawa gabas. Sufeto na zama kusa da ita, rimot a cinyarta, yana kallon shiri ɗaya har ƙarshe. Ya lura mutumin taswirar yana da riguna huɗu, kuma ba ya sa shuɗiyar sai in za a yi ruwa. Yana nan yana bincike a kan haka. Ita kuwa ana gamawa take ɗaukar waya.

"Gobe akwai ruwa a garinku," takan ce wa Auta. "Ki sa wa yaron nan hula, kar ki ce mini ba sanyi."