Kati Hamsin da Na Tsince

Babanmu goro yake sayarwa a unguwar Briqueterie. In zai saya, ba ya kallon na saman huhu, hannu yake cusawa har ƙasa ya zaro ƙanana da masu tabo. In kuwa gaisuwa zai kai wa babban mutum, sai ya tsince masu kyau zalla. Duka biyun na gani tun ina yaro, amma na biyun ne ya zauna mini a kai.

Da takardar gama firamare na samu aiki a wani ofishi, a shekarun ƙarshe na shugaban ƙasarmu na farko, lokacin da aka kawo na'ura mai karanta kati. Aikina huda katin: kowane mai neman shiga jarrabawa kati guda, da sunansa da ranar haihuwarsa. Ni mutum ne mai wasiwasi. Sai in duba kati sau uku, in koma gida in kasa cin tuwo, ina tunanin ko na tsallake harafi.

A shekarar ne ƙanena ya nemi shiga makarantar ma'aikatan jinya. Damarsa ta ƙarshe ce, domin baɗi shekarunsa za su wuce ƙa'ida. Har ya sa wani tela a kasuwar Mokolo ya ɗinka masa farar riga. Ni na huda katinsa da hannuna.

Wata safiya shef ɗinmu, wato shugaban ofis, ya kira ni. An shirya wa na'urar sabon tsari na fitar da jerin sunaye, yana so ya gwada.

"Ba za mu gwada dubbai ba," in ji shi. "Zaɓo mini hamsin."

Wuni na yi ina zaɓe. Duk katin da na ga giɓi a cikinsa sai in ture gefe. Yawancinsu na mutanenmu ne, waɗanda aka haifa a gida aka yi musu takarda daga baya, aka rubuta né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, ba rana ba wata. Na ƙanena ma haka yake. Na riƙe shi a hannu na daɗe. Kunya ta kama ni in kai wa shef kati mai giɓi, ga tsoron kada a ce na fifita ɗan'uwana. Na mayar da shi cikin waɗanda na ture gefe.

Shef ya juya katunan yana dariya. "Kai ɗan mai goro, waɗannan ai kamar amare!"

Hamsin ɗin duk suka fito daidai. Har yaba mini ya yi.

Ana jibi jarrabawa aka liƙa jerin. Ƙanena ya dawo gida da ƙura a ƙafa.

"Yaya, ka tabbata ka huda nawa?"

"Sau uku na duba."

"To babu ni."

Ranar jarrabawa ya tafi duk da haka, mai gadi ya hana shi shiga tunda ba shi da lamba. Sai bayan mako guda aka gano cewa na'urar tana tsallake duk katin da babu rana da wata. Da kati ɗaya irin wannan ya shiga cikin hamsin ɗin, da an gani tun da wuri. Aka ce waɗanda abin ya shafa su dawo baɗi.

Na faɗa wa Baba komai a zaure. Ya ce, "Shef ɗin nan saye ya aike ka, ko kai gaisuwa?"



Ƙanena bai taɓa ɗora mini laifi ba, da ya ɗora da na fi samun sauƙi. Daga baya ya bi wani kawunmu aikin fawa a mahautar unguwar Etoudi. Ran da na je dubo shi, na hango shi daga nesa cikin farar rigar nan, gabanta duk jini. Ya ɗaga mini hannu yana murmushi, ya ce, "Yaya, ka ga ba ta tashi a banza ba."