Rafin Ɗinya Biyu

Ranar wata Alhamis ce, saura sati uku azumi, shekarar da nake aji biyar, na fara ganin babana yana dukan mutum. Suna ake yi a gidan Malam Usman, ƙofa biyu daga tamu a unguwar Hindawiyya ta Jidda. An shimfiɗa tabarmin roba tun daga bakin ƙofa har gaban baƙala, kantin kayan masarufi na wani Bayamane, an jera manyan farantan shinkafa da naman rago, mu yara muna kai ruwan sanyi muna satar zabibi a kan shinkafar. Ana tsakiyar ci Malam Usman ya miƙe cikin farar jallabiyarsa irin ta mutanen Sudan, ya yi godiya, ya ce ya sa wa yaron Audu ne don tunawa da Audu Na-Ɗinya, ɗan garinsu. Babana ya mayar da lomar da ke hannunsa cikin faranti ya ce, "Ɗan garin wa, Malam Usman?" Aka yi dariya, a zaton wasa ne. Kafin dariyar ta ƙare babana ya tsallake faranti biyu ya ci kwalarsa, ya kai masa karo a hanci. Ƙanen Malam Usman ya rarumo murfin tukunya ya rafka wa babana a ƙeya, kawuna Sani ya ɗauki butar shayi da zafinta ya watsa. Na ga jini a kan shinkafa, na ga dattijo mai gemu yana rarrafe yana neman hularsa. Can wani ya ce, "Shurɗa!" Cikin ƙiftawar ido rabin lungun ya ɓace. Babu ɗan sandan da ya zo, amma daga ranar na gane su wa ke da iƙama, takardar izinin zama, a unguwarmu, su wa ba su da ita. Gidan Malam Usman kaf babu mai ita, Umra suka zo tun kafin a haife ni suka zauna.

Asalin rigimar garuruwa biyu ne masu suna ɗaya. Akwai Rafin Ɗinya ta ƙasar Zamfara, inda aka haifi babana. Akwai kuma Rafin Ɗinya ta Sudan, a bakin kogi, wadda alhazan ƙafa suka kafa lokacin da guzuri ya ƙare musu a hanya, suka sa mata sunan garin da suka baro. Dukansu ƙauyuka ne da ko mota ba ta tsayawa sai an roƙi direba. Abin alfaharinsu ɗaya, Audu Na-Ɗinya, ɗan kokawar da aka ce bayansa bai taɓa ƙasa ba, ya yi wasa a Sakkwato, ya yi a Hartum, ya rasu tun ba a haifi yayana ba. Babana na rantsuwa kakarsa ce ta yanke wa Na-Ɗinya cibiya. Malam Usman na rantsuwa a bayan gidansu aka binne mabiyiyarsa. Shekara da shekaru ana wannan musu a kan shayi bayan la'asar, a tashi lafiya. Sa wa jariri sunan a bainar jama'a shi ne babana ya ɗauka an yi masa ƙwace da rana tsaka.

Ni kuwa a lokacin ba ni da ƙawar da ta wuce Nafisa, 'yar Malam Usman. A Jidda aka haife mu duka, babu wadda ta taɓa ganin Rafin Ɗinya, ko ɗinyar ma ba mu san ɗanɗanonta ba. Tare muke bin layin tankar ruwa da jarkoki, mu hau bene hawa uku muna nishi muna zagin mai gidan da ya ƙi gyara famfo. Tare muke tsince gyaɗar da Ummana ke soyawa tana ƙullawa, tare muke fifita wa mamarta gawayi idan tana yin kisra, wainar nan tasu mai tsami da faɗi. Da yamma mu hau rufin gida mu zana 'yar gala-gala da gawayi tsakanin igiyoyin shanya, ko mu yi carafke da duwatsun da babana ke tsinto mana a tashar jiragen ruwa inda yake aikin sito. Ba ta zuwa makaranta saboda rashin takarda, don haka duk abin da aka koya mini da safe sai na zube mata shi da yamma, ita kuma ta fi ni riƙewa, abin da ke ƙona mini rai ke nan. Ummana takan ce, "Hajara, zuciyar nan taki ta ubanki ce, wata rana za ta kai ki ta baro."

Bayan sunan nan lungu ya rabu biyu. Manya suka daina gaisawa, mu kuwa muka ɗauki faɗan da hannu bibbiyu, don yaro ba ya buƙatar dalili mai yawa. 'Yan Najeriya a gefe, 'yan Sudan a gefe, 'ya'yan Nijar su bi duk wanda ya fi yawa a ranar. Muka koma ajiye duwatsu a bayan tankin ruwa, samari na fasa kwalaben lemo suna cusawa a aljihu, wasu na nannaɗe wayar lantarki su yi bulala. An cire wa yayana Bashir haƙori biyu da sandar tsintsiya. Ni na ciji kunnen wani Mu'awiya har sai da na ji gishirin jininsa a bakina, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi ranar. Kafin a fara kowace arangama sai wani ya fito ya daki ƙirji ya ce, "Na-Ɗinya namu ne!" Abin dariya, yawancinmu da Larabci muke zagin juna, Hausar ba ta isar mu idan rai ya ɓaci. Duk wannan ana yi ana sauraron ƙarar mota, domin kowa ya san in hukuma ta shigo, ɓangare ɗaya ne kawai zai kwana a gidajensa.

Ni da Nafisa mun yi sati biyu muna kauce wa juna, har ranar da tankar ruwa ta zo da azahar, ana rana mai narka kwalta. Na je sayo wa Umma omo na dawo na tarar da jarkar Nafisa a gaban tawa. Na ture ta da ƙafa. Ta mayar. Ta dube ni ta ce, "Yalla, matsa. Ku da garinku ko a taswirar littafinki babu shi." Littafin da nake koya mata da shi take nufi. Akwai fasasshen tayil a gindin bango, ban san lokacin da ya zo hannuna ba, amma na san da gangan na nufi fuskarta. Ya tsaga ta daga gira ya gangaro ta kan idon hagu. Ba ta yi ihu ba, ta zauna a ƙasa ta rufe wurin da tafi biyu, jini na bi ta tsakanin yatsunta yana ɗiga cikin bakin jarkar.

Mamarta ta danƙara mata garin gahawa a ciwon ta ɗaure da gyale, yadda suke yi a ƙasarsu. Umma ta zane ni da tiyon wanki har ya tsage, ban yi kuka ba sai da na ji ana cewa idon ya kumbura ya rufe, yana fitar da ruwa. Kwana biyu ana ɓoye ta a ɗaki, saboda asibiti takarda ake fara tambaya. Rana ta uku babana ya sa hularsa a kan ɗinkin ƙeyarsa, ya ɗauki takardata ya tafi ƙofar mutumin da ya fasa wa hanci, ni ina biye da shi. Ya ce, "Malam Usman, shekarunsu ɗaya, kuma rabin fuskar a ɗaure take. Ni zan kai ta a matsayin Hajara, babu mai ganewa." Malam Usman ya dube ni ya ce, "'Yata ba za ta amsa sunan wadda ta yi mata haka ba. Halas, magana ta ƙare." Ya saɓa ta a kafaɗa ya tafi da ita asibiti da kansa.

Ciwo irin wannan sai an kira 'yan sanda. An ce sun tambaye ta wa ya yi mata, har sau uku, tana cewa a matakala ta faɗi. Ni ta rufa mini asiri, su kuwa babu abin da zai rufa musu. Washegari motar hukuma ta zo ta kwashi mamarta da ƙannenta da jaririn da ko arba'in bai yi ba, tukunyar miya na kan wuta. Bayan sallah babana ya dawo daga aiki ya zauna bai cire takalmi ba, ya ce ya gan su a layin shiga jirgin ruwa mai zuwa Bur Sudan, Nafisa da farin bandeji, tana riƙe da gefen rigar babanta. Ya ɗaga musu hannu daga bayan shingen waya, bai san ko sun gan shi ba.

Yau na haura arba'in. An rushe lungunmu, fili ne fetal, ko gurbin baƙalar ba na iya nunawa. Kwanan baya ɗana, wanda ke jin Hausa amma ya amsa mini da Larabci, yana aikin makaranta ya nuna mini a waya yadda Amurka ke da ƙananan garuruwa barkatai masu suna ɗaya, kowanne da jerin fitattun mutanen da aka haifa a cikinsa, an rubuta dalla-dalla yadda ba mai ƙwace na wani. Ya yi mamakin yadda na riƙe wayar na ƙi sakewa. Ban nemi Na-Ɗinya ba, har yau ban san inda aka haife shi ba, kuma ban damu ba. Sunan Nafisa na rubuta, da na babanta, da na garin. Tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarsu nake tambayar duk Basudanen da na haɗu da shi a kasuwa, babu wanda ya san ta. Ba gafara nake nema ba, na san ban cancanta ba. So nake kawai wani ya gaya mini ko idon yana gani.