Ranar da Motar Kawu Ta Ƙi Zuwa Ɗaurin Aurena

Ko tsufa ya cinye mini komai a kai, ba na jin zai taɓa ranar ɗaurin aurena. Na san kowa zai ce ai ba wanda ke manta ranar aurensa. To ni ba don amarya na riƙe ta ba, Allah ya ba ta haƙuri in ta karanta wannan. Saboda kawuna ne da motarsa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina har na zama malamin makaranta a Boɗinga. Yadi yake sayarwa, yau yana kasuwar Boɗinga, ranar kasuwar Shagari yana can. Shekaru ya yi yana ɗaure dilolin yadi a bayan babur, sai da furfura ta kama gemunsa sannan Allah ya hore masa mota. Tsohuwa ce 'yar Amurka da aka shigo da ita ta Kwatano, amma tana da abin da ba mu saba gani ba. Ba a zura mata mabuɗi. Ɗan rimot ne kamar kwalin ashana, in yana jikinka sai ka taka birki ka danna maɓalli ta tashi. A jikin ƙofar direba kuma akwai jerin lambobi, in ka danna na sirri ƙofa ta buɗe.

Ranar da ya kawo ta gida ya yi rantsuwa ya gama hawa babur har abada. Daga nan kuma ya ƙirƙiro wani salo. In ya ga mutane sun taru, sai ya zura hannu aljihu ya ce wa motar, "Buɗe mini." Fitilu su ƙifta, ƙofa ta yi ƙas. Kowa ya san rimot yake dannawa, shi ma ya san mun sani, amma ba a taɓa fasawa ba. Lambobin ƙofa kuwa ko matarsa, wadda muke kira Inna, bai gaya wa ba. Cewa yake sirrin mota ba na mutum biyu ba ne.

Aurena a Shagari za a ɗaura, ranar Juma'a da an sallame salla, kuma Kawu ne wakilina. Ban samu auren nan cikin sauƙi ba. Baffan yarinyar ya so a ba wani ɗan uwansu, sai da Kawu ya yi ta zarya kafin ya sauko, kuma ya faɗa a gaban mutane cewa in ba mu zo a kan lokaci ba, shi ba zai zauna jiran kowa ba. Sauran dangi sun wuce tun da safe a motar haya. Ni da Kawu da huhun goro da kwalayen alawa muka rage, don ya ce ango ba zai shiga Shagari a matse kamar buhun gero ba.

Damina ce, an kwana ana ruwa, rana ta fito da zafinta. Kawu ya tada motar don ta yi sanyi, sai Inna ta leƙo ta ce akwai tabon miya a gaban rigarsa. Ya koma ciki. Yana rufe ƙofar motar ta yi oda da kanta, ya waiwayo ya ce mata ta yi haƙuri yana zuwa. Ya fito cikin farar shadda mai aiki, muka kama hanya. Tun daga ƙofar gida wani abu ke ƙara a gabansa, rubutu na fitowa yana ɓacewa. Ina kujerar baya, na ce masa kamar motar na son faɗin wani abu. Ya ce kullum haka take, surutu gare ta kamar mai ita ta farko.

A Dandin Mahe muka tsaya ɗaukar wani tsohon tela, ɗan gwaggon Kawu, wato taubashinsa. Tun suna yara suke tsokanar juna. Da ni ne, oda kawai zan yi ya fito. Amma akwai mutane zaune a gindin bishiya gaban shagon, kuma ba su taɓa ganin motar ba. Kawu ya faka a tsakiyarsu, ya kashe ta, ya sa na fito, ya danna lambobin ƙarshe na jikin ƙofa ta kulle. Aka shiga gaisuwa, ina gajiya, ina ruwa, ina iyali, aka kawo fura. Ni dai agogo nake kallo.

Da muka miƙe, Kawu ya gyara tsayuwa, ya zura hannu aljihu, ya ce, "Buɗe mini." Shiru. Ya sake faɗa da ɗan ƙarfi. Tela ya ce wataƙila ba ta jin Hausar Dandin Mahe, a gwada mata Fulatanci. Na ga hannun Kawu na yawo cikin aljihu, ya koma ɗaya aljihun, ya shiga na 'yar ciki, ya taɓa har cikin hularsa. A nan na tuna rigar mai tabon miya.

Bai nuna komai ba. Ya ce ai don irin wannan rana Turawa suka yi lambobin ƙofa, sannan ya umarci kowa ya juya baya. Dattawa masu jikoki suka juya suna kallon gonar gero, kafaɗunsu na rawa. Muna jin ɗan kukan maɓallan, amma ba mu ji ƙas ba. Ashe tabaraunsa na cikin motar, kuma rana ta haske lambobin, lalube kawai yake. Da ya yi ta kuskure, sai ma suka daina amsawa na ɗan lokaci. Can ya kira ni, ya ja ni gefe, ya sa bakinsa a kunnena.

"Ɗana, abin da za ni hwaɗa maka, ko amaryarka kada ta ji."

Na yi alkawari. Na danna, ƙofa ta buɗe, mutanen gindin bishiya suka yi ta barka kamar an yi haihuwa. Muka shiga, Kawu ya saka tabarau, ya taka birki, ya danna maɓalli. Ko tari motar ba ta yi ba. Yanzu da na matso gaba na karanta rubutun da kyau: cewa take ba ta ga mabuɗi ba. Abin da take ta faɗa ke nan tun daga Boɗinga. Lambobin nan ƙofa kawai suke buɗewa, tashin inji sai rimot na ciki. Ta kawo mu nan ne don ba a kashe ta ba.

Kawu ya kira Inna. Ta ce ga shi nan cikin aljihun rigar, saura kaɗan ta jiƙa ta. Sai ya tuna wani ya taɓa gaya masa a kasuwa wai rimot na aiki ta waya. Ya ce ta kanga shi a bakin wayarta ta danna, shi kuma ya manna tasa a jikin sitiyari. Haka muka zauna, Inna na dannawa a Boɗinga, muna jin muryarta tana tambaya ko ta tashi. Tela ya ba da shawarar ta hura masa iska ko saƙon zai fi saurin isowa.

Dariyar ta tsaya ne da yayana ya kira daga Shagari. Ya ce liman ya hau mumbari, kuma baffan yarinyar ya riga ya tambaye mu. Ko an ba ɗan kabu-kabu rimot ɗin daga Boɗinga, kafin ya iso an watse. Kawu ya ɗora hannunsa a kan sitiyari. Ni kuwa na san abin da motar nan take a wurinsa, na kuma san rantsuwarsa. Ya juyo ya dube ni, ban san abin da ya gani a fuskata ba.

"Ni nac ce ma mahaifinka ni za ni amsam maka aure," in ji shi. "Ban ce mai da mota ba. Tashi mu tai."

Da kansa ya fita bakin titi ya tsayar da 'yan kabu-kabu. Ya tattare babbar riga ya haye, ya rungume huhun goro a cinya. Ni na ɗauki alawa, tela na biye da mu yana ɗaga murya wai in Kawu na neman wanda zai ciyar a kaffarar rantsuwa, shi a shirye yake. Wata babbar mota ta watsa mana ruwan kwatami, farar shaddar Kawu ta koma kalar ƙasa daga gwiwa zuwa ƙasa. Ko kallonta bai yi ba, sai ce wa mai babur yake ya ƙara wuta.

A sahun waje muka samu raka'ar ƙarshe. Muna idarwa muka kutsa ciki muna haki. Baffan yarinyar ya ƙare wa Kawu kallo daga hula har laka, ya ce ina motar da ake ta ba su labari. Kawu ya ce tana Dandin Mahe tana hutawa. Tela ya ce a'a, fushi ta yi, ba a ba ta goron gayyata ba. Dattijon da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai ga shi yana dariya har da riƙe gemu. Ya ce wanda ya baro motarsa a hanya ya shiga laka don yaro, ba za a ji tsoron ba gidansu 'ya ba. Aka ɗaura.

Da la'asar Inna ta biyo motar mata masu zuwa ɗaukar amarya, ta tsaya a Dandin Mahe, inda Kawu ya koma wurin motarsa, ta miƙa masa rimot ɗin a ƙulle a bakin mayafinta, ba ta ce uffan ba. Ya fi son ta yi faɗa, in ji shi daga baya.

Na daɗe ina ɗaukar Kawu mutum mai son a gani, kuma gaskiya yana so. Amma ranar nan na koyi cewa ba a gane abin da mutum ya fi ƙauna daga abin da yake nunawa a gaban jama'a, sai an ga abin da zai ajiye in lokaci ya ƙure. Na kuma koyi wani ƙarami: in na'ura ta dage tana yi maka ƙara, tsaya ka duba kafin ka ce surutu ne.