Kawu Bitrus da Surukinsa Taɓo

Duk wanda ya taɓa cin abinci da Kawu Bitrus a unguwar Damilu ta Jimeta ya san ƙullin yajin nan na aljihunsa na hagu. Ba ya fita sai da shi. Shinkafar biki, shayi, mangwaro, har kek ɗin auren ƙanwata sai da ya barbaɗa masa, fasto yana kallo. Ya ce, "Fasto, abin da bai sa mutum gumi ba ai ba abinci ba ne."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, kuma ni aka ɗora wa raka shi Afirka ta Kudu. 'Yarsa Saratu ta je aikin nas a Cape Town, ta auri ɗan can mai suna Thabo ba tare da Kawu ya sa albarka ba. Ya yi shekaru ba ya ɗaukar wayarta in ya san mijin yana kusa. Sunan ma ya ƙi kamawa. Taɓo yake ce masa, irin wanda ke riƙe ƙafa da damina. Da Saratu ta haihu, shi kuma jiki ya fara rauni, sai ta aiko mana da tikiti. Ya ce zai je, amma jikansa zai gani, ba Taɓo ba.

Kun san Kawu a ma'aikatar gona ya yi ritaya, Turancinsa ya fi nawa. Amma da surukin ya tarbe mu, sai ya ce wa Saratu ya manta Turancin a cikin jirgi, sai dai ta riƙa fassara.

Thabo bawan Allah ya ɗauki hutu don ya zagaya da mu. Ya fara kai mu bakin teku. Kowa da gajeren wando, Kawu kuwa da safari da takalmin zuwa coci. Ya daɗe yana kallon ruwan.

"Saratu, tambaye shi, ina ɗaya gefen?"

"Baba, ba a ganinsa."

"Ruwan da ba a hango tsallakensa amfaninsa me? Kogin Binuwai in ka tsaya a Jimeta ka san inda za ka."

Ya sunkuya ya ɗebo da hannu, ya ɗanɗana, ya tofar. Ya ce an lalata shi da gishiri, ko wanki ba zai yi ba. Can sai ga wasu tsuntsaye masu baƙin baya da farin ƙirji, suna tafe a tsaye, a jere, suna rangaji. Kawu ya cire hula ya rusuna. "Ashe dattawan coci ma suna zuwa nan."

Washegari muka shiga gonakin inabi, tsakanin duwatsu, kore shar iya ganinka. A nan ake yin giyar inabin da ƙasar ke taƙama da ita. Kawu dattijon coci ne, ba ya sha, sai ya zauna yana kallon baƙi. Kowa ya juya kofi, ya shinshina, ya kurɓa, ya wasa baki, sannan ya tofar a wani bokiti.

"Saratu, tambayi matar nan mai zubawa. In zunubi ne, me ya kai shi bakinsu? In ba zunubi ba ne, me ya sa suke zubarwa?"

Saratu ta ƙi fassarawa. Ya yi fushi ya fita. Da muka bi sahu muka same shi a tsakiyar gona, kumatu cike da inabi, yana yi wa ma'aikata faɗa da Hausa wai ƙasa mai kyau haka ba su shuka ko kunya ɗaya ta gyaɗa ba.

Wajen cin abinci aka kawo mana wani abu mai yauƙi a cikin ɓawo, ɗanye, a kan ƙanƙara. Kawu ya leƙa ya ture farantin. "Majina ce aka matsa wa lemon tsami." Thabo ya tashi ya sa aka gasa masa kifi, sannan ya miƙa hannu ya roƙi ɗan yajin nan. Kawu ya zazzaga masa da mugunta, ina gani. Thabo ya ci, hawaye da majina suna zuba, yana tari, amma bai bar ko ƙaya mai nama ba. Kawu ya dubi farantin, ya dubi mutumin, ya ce "Hm." Saratu ta taka ƙafata a ƙarƙashin tebur.

Ranar ƙarshe ce ta kusa zama mana makoki. Mun koma bakin teku, inda akwai ƙananan kwale-kwalen roba da ake hawa mutum biyu-biyu. Kawu ya ce shi ɗan Numan ne, a bakin kogi aka yanke masa cibiya, sai ya hau. Da ƙyar Saratu ta sa masa rigar hana nutsewa. Suka shiga da Thabo. Sun ɗan yi nisa sai muka hango Kawu yana miƙewa tsaye, wai masuntan garinsu ba sa tuƙi a zaune. Igiyar ruwa ɗaya ta zo, kwale-kwale ya kife.

Ruwan nan sanyinsa kamar daga firij. Saratu ta miƙa mini jariri ta ruga tana ihu. Thabo ya cafko wuyan rigar Kawu, ya yi ta ja har suka taka ƙasa. Aka naɗe tsoho a bargo, haƙoransa suna kaɗawa, leɓe ya yi fari. Sai Turancin da aka manta a jirgi ya dawo tsaf. Kawu ya kama hannun surukinsa ya ce, "Ɗana, ka yi sa'a ina kusa. Da ka nutse."

Thabo ya amsa da 'yar Hausar da ya koya a ɓoye, "Na gode, Baba."

Saratu ta zauna a kan yashi, ba ka sanin kuka take ko dariya.

Da muka dawo Jimeta labarin ya yi ta girma. A coci cewa kawai ake Kawu ya ceci surukinsa. A kasuwa an ƙara wani ƙaton kifi mai haƙora. Masu keke na bakin layinmu kuwa har yau sun yarda da hannu ɗaya ya ɗauko surukin nasa.

Da Kawu ya rasu, Thabo ya zo jana'iza a tsakiyar zafin bazara, gumi har takalmi, ya ɗauki gaban akwatin bai yarda kowa ya karɓe shi ba. Masu gaisuwa suna ta tambayarsa, "Kai ne wanda Bitrus ya ceto a teku?" Shi kuma ga kowa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni ne."

Ubangiji ya karɓi Kawu, ya yafe masa taurin kai, ya ba shi hutawa. Mu da ya bari kuma, ya riƙe mu.